Ƙarfen kare gefen mota: a ɗaure da noti ko a yi walda?

Tambaya: Ina da Hilux mai ƙofa huɗu da nake shiga hanyoyin duwatsu da kwazazzabai da ita. Kwanaki dutse ya bugi matakalar da ta zo da motar, ta lanƙwashe sama ta lotsa ƙasan ƙofa, yanzu ƙofar baya sai an yi mata ƙarfi take rufuwa. Ina so a sa mini ƙarfen kariya na gaske a gefe. Mai walda ya ce a samo fayif mai kauri ya liƙa shi a shasi, shi ke nan. Wani kuma ya ce walda na lalata shasi, a ɗaure da noti. Wanne ne daidai, kuma wane kaurin ƙarfe zan nema?

Amsa: Malam, sannu da wannan asara. Kafin mu zo kan walda da noti, bari mu fara da matakalar da ta ci amanarka, domin abin da ya same ta shi ne zai nuna maka abin da za ka nema a sabon ƙarfen. Matakalar da kamfani ke sawa an yi ta ne don ƙafar mutum mai kilo 80 ko 100. Yawanci alminiyam ce mara kauri ko gwangwani da roba a sama, an rataye ta da ƙananan hannuwa. Motarka kuwa ta kai tan biyu ko da babu kaya a cikinta. Ranar da taya ta sauko daga kan dutse, gefen motar ya zauna a kan dutsen, kusan rabin wannan nauyi ne ya sauka a kan matakalar lokaci guda. Ba ta da inda za ta kai nauyin sai sama, kuma abin da ke samanta shi ne dokin ƙofa. Da babu matakalar ma, wataƙila da dutsen ya wuce bai taɓa komai ba, domin ta rage maka tazara daga ƙasa. Irin waɗannan matakalai masu ƙyalli kyan ɗan maciji ne da su a hanyar dutse.

Ƙarfen da kake nema, wanda masu sayar da kayan mota ke kira silaida, aikinsa ɗaya ne: ya karɓi nauyin mota daga dutse ya miƙa shi ga shasi ba tare da ya taɓa bodi ba, motar ta zame a kansa ta wuce. Duk wata shawara a wannan aiki, daga kaurin ƙarfe zuwa girman noti, a kan wannan ake auna ta. Mutane sukan ɓata lokaci wajen zaɓen fayif ɗin da ido ke gani. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya na ga fayif ɗin ne ya fara karyewa. Ƙafafun da suka haɗa shi da shasi ne ke gazawa, ko wurin da aka ɗaure su.

Motarka ta sauƙaƙa mana aiki domin tana da shasi daban, bodi daban. Haka Land Cruiser, Prado, Patrol, Wrangler da tsohuwar Defender suke: dogayen ƙarafa biyu a ƙasa kamar tsani, bodi na zaune a kansu, a yawancinsu bisa robobi. Masu RAV4, ko Cherokee XJ da aka fara yi a 1984, ko Pajero daga samfurin 1999 zuwa sama, ko sabuwar Defender ta 2020, nasu daban ne, bodin da shasin abu ɗaya ne, kuma ƙarfen wurin bai kai kaurin da za a liƙa ƙafa uku kawai a ce an gama ba. Su sai an yi dogon faranti da zai baza nauyin a tsawon gefen gaba ɗaya. Na faɗi wannan ne don kada wani mai irin waɗannan motoci ya karanta ya kai wa mai walda abin da zan faɗa maka.

Akwai kuma dalilin da ya sa mota irin taka ta fi buƙatar wannan ƙarfe. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu milimita 3,085 ne. Wrangler mai ƙofa biyu ta yanzu 2,460 ce. Idan su biyun suka hau tudu ɗaya mai tsini, gajeriyar ta riga ta ɗora tayar baya kafin cikinta ya sauka, doguwar kuwa sai ta zauna da ciki da gefe. Kusan mita biyu na gefen motarka a buɗe yake tsakanin tayoyi, babu abin da ke tsaronsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Daga jikin shasi zuwa inda fayif ɗin waje zai tsaya, a irin motarka, akwai kamar santimita 30, wani lokaci fiye. Ɗauki cewa dutse ya tokari fayif ɗin da nauyin tan ɗaya. Tan ɗaya a ƙarshen hannu mai santimita 30, wato ƙafar ƙarfen, yana murɗa gindin hannun da ƙarfin da ya kusa niyuton-mita 3,000. Don ka gane girman abin, notin taya ana ɗaure shi ne da ɗari da 'yan kai. Wannan murɗa tana danna saman farantin da ke haɗa ƙafar da shasi cikin shasin, tana fizgo ƙasansa waje. Idan tazarar da ke tsakanin notin sama da na ƙasa santimita 10 ce, notin ƙasa na ɗaukar jan kusan tan uku. Idan ka buɗa tazarar ta koma santimita 15, jan ya sauko zuwa tan biyu, ba ka ƙara ko noti ɗaya ba. Wannan fa lissafin motar da ta zauna a hankali ne. Wadda ta faɗo daga tsayin taƙi ɗaya, bugun zai iya ninka hakan. Kuma kada ka ce ai ƙafafu uku ne za su raba nauyin. Dutse ba ya zaɓar tsakiya, idan ya zo daidai ƙafa ɗaya ita ce za ta sha mafi yawansa.

Daga wannan lissafi abubuwa suke fitowa da kansu. Farantin da ke jikin shasi ya zama mai tsawo daga sama zuwa ƙasa iyakar yadda shasin ya ba da dama, kaurinsa milimita 6. Ya fi kyau a lanƙwasa shi ya zagayo ƙarƙashin shasin kamar harafin L, ko ya rungume shi kamar U, saboda idan dutse ya tura sama, leɓen ƙasan ya tokari shasin kai tsaye, noti ya samu sauƙi. Ƙafafu aƙalla uku a kowane gefe, a mota mai tsawon taka huɗu ba su yi yawa ba, kuma ta farko da ta ƙarshe su matso kusa da bakin ƙarfen. Idan aka bar rabin mita na fayif yana lilo bayan ƙafar ƙarshe, nan ne zai fara tanƙwarewa, nan ne kuma tayar baya ke sauke mota a kan dutse. Kowace ƙafa a sa mata ƙaramin ƙarfe mai kusurwa uku a gindinta, tsakaninta da farantin. In da wuri, a sa shi a sama, domin na ƙasa yana rage tazara kuma yana maƙale dutse.

Yanzu tambayarka. Walda ba ta lalata shasi don kawai walda ce. Ai kamfani ma da walda ya haɗa shi. Abin da ke lalata shasi shi ne walda a wurin da bai dace ba. Shasi yana lanƙwasa kaɗan kaɗan a kowace gargada, kuma saman ƙarfen da ƙasansa su ne ke shan mafi yawan ja da matsa, tsakiyar gefensa ce ta fi hutawa. Saboda haka ba a yin walda a leɓen sama ko na ƙasa, ba a huda su, kuma ba a jan dogon layin walda a tsaye daga sama har ƙasa, domin an zana wa tsaga hanyar da za ta bi ke nan. Abin da mai waldarka ya faɗa, a ɗora bakin fayif kai tsaye a jikin shasi a zagaye shi da walda, shi ne mafi munin hanya. Bangon shasin ƙaramar mota milimita uku ne zuwa huɗu. Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa haka. Fayif ɗin lafiya lau, waldar ma ba ta saki ba, amma ta ɓantaro bangon shasin da'ira guda kamar an buɗe gwangwanin madara, gefen ƙarfen ya tashi ya shige ƙarƙashin ƙofa. Mai motar ya zo gyaran ƙofa, muka ƙare da facin shasi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Idan walda za a yi, a fara liƙa faranti a jikin shasi, mai kusurwoyi a zagaye ko mai siffar lu'ulu'u, don kada waldar ta miƙe a tsaye, sannan a liƙa ƙafar a jikin farantin. A yi ta guntu guntu, a bar wuri ya huce, kada a tara zafi. Mai amfani da sandar walda ya nemi 7018 busasshiya, ita ce ta dace da wurin da zai sha bugu, ya kuma rage wuta yadda ba zai huda bangon ba. Sababbin motoci da yawa ana yin shasinsu da ƙarfe mai ƙarfi na musamman wanda zafi ke rage masa inganci a gefen walda, don haka idan motar ta 'yan shekarun nan ce, duba littafin gyaranta tukuna. Manyan motocin dakon kaya ma akan liƙa musu gargaɗi a jikin shasi cewa kada a yi walda ko huda.

Ni dai a motarka noti zan zaɓa, kuma ba don ya fi walda ƙarfi ba. Walda mai kyau ta fi sauƙin nauyi, ba ta kwancewa, ta fi matsewa. Amma wannan ƙarfe an yi shi ne don ya sha duka. Wata rana zai lanƙwashe, ko ya buƙaci fenti, ko bakanike ya nemi sauke tanki ko akwatin giya ya tarar ya tare masa hanya. Na noti minti talatin ka sauke shi. Na walda sai giranda, kuma duk lokacin da giranda ta taɓa shasi tana cin wani abu daga kaurinsa. Ga kuma batun doka da inshora: a ƙasashe irin su Jamus da Ostireliya, taɓa shasi da walda ko yanka na buƙatar amincewar masu duba lafiyar mota, kuma kamfanin mota na iya janye garantinsa a kan sashen da aka taɓa. Idan aka yi amfani da ramukan da shasin ya zo da su, an kauce wa yawancin wannan.

Sai dai noti ma yana da tarkonsa, kuma shi ne na fi gani. Shasin Hilux akwati ne, bango biyu da rami a tsakiya. Idan ka zura dogon noti ya ratsa bangon biyu ka ɗaure da ƙarfi, bangayen za su matso juna. Kana ji sifana na tafiya, kana cewa bai ɗauru ba, ashe shasin kake matsewa. Bayan mako biyu a gargada notin ya saki, ƙarfen ya fara ƙara, ramin ya zama kamar ƙwai. Maganinsa ɗan guntun fayif mai kauri da ake sawa a cikin akwatin, notin ya bi ta cikinsa, tsawonsa daidai da faɗin cikin shasin, shi zai hana bangayen haɗuwa. Idan babu hanyar shigar da shi, a yi faranti biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, su rungumi shasin, notoci su bi ta sama da ta ƙasansa ba tare da an huda shi ba. Waɗannan ƙananan notoci da ake matsawa a rami da filaya, masu kama da ribit, suna da kyau wajen rataya murfi, amma ba su da hurumi a nan.

Duba kan kowane noti, akwai lamba. Wanda aka rubuta 8.8 ko 10.9 kake nema, mai kaurin milimita 12, ko 10 idan ramin shasin bai kai ba. Noti mai milimita 12 na 8.8 yana jure jan kusan tan biyar kafin ya fara miƙewa. Mai lamba 4.6 mai girma ɗaya bai kai tan biyu ba. Koma kan tan ukun da muka lissafa ka ga bambancin. Wanda babu lamba a kansa ka ajiye shi don ƙofar gida. A ɗaure na 8.8 mai milimita 12 da kusan niyuton-mita 80, na 10.9 da kusan 115, mai milimita 10 na 8.8 kuma da kusan 45 zuwa 50, da sifana mai awo, ba da tsalle a kan dogon fayif ba. A sa wosha mai tauri a kowane ɓangare, da macen noti mai roba a baki wadda ba ta kwance kanta.

Batun kaurin ƙarfe gajere ne. Abin da masu ƙera waɗannan kaya suka fi amfani da shi shi ne fayif zagayayye mai faɗin inci 1.75, wato kusan milimita 44, kaurin bangonsa milimita 3. Babban ƙarfen ciki, wanda ke bin tsawon gefen motar a bayan fayif ɗin waje, da ƙafafu kuma mai kusurwa huɗu, 50 da 50, kauri milimita 3 zuwa 4, ko 75 da 50 idan motar na ɗaukar kaya sosai. Ƙasa da milimita 3 dutse zai lotsa shi, kuma fayif ɗin da ya lotse ya rasa yawancin ƙarfinsa a wurin. Sama da 5 kuwa nauyi kawai kake ɗora wa motar. Za ka ji ana yabon fayif ɗin da ake kira DOM, wanda aka ja shi a sanyi bayan an haɗa shi. Gaskiya ne ya fi na gama-gari jurewa kafin ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, amma na gama-gari mai kauri daidai, da ƙafafu a inda ya kamata, ya ishi yawancin mutane. Wanda zan hana ka shi ne fayif ɗin ruwa mai farin rufi. An yi shi don matsin ruwa ne, ƙarfensa mai laushi ne, kuma hayaƙin rufin nan idan ya ƙone a walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Alminiyam kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma taurinsa wajen lanƙwasa ma haka yake, sannan dutse na cizonsa maimakon ya bar shi ya zame.

Mita ɗaya na zagayayyen fayif ɗin nan kilo uku ne da ɗan ɗoriya, na 50 da 50 kuma ya haura huɗu. Idan ka haɗa da ƙafafu da farantai, kowane gefe zai kai kilo 20 zuwa 25. Wannan nauyi daga cikin kayan da motar ke da izinin ɗauka yake fita, ka sa shi a lissafi idan akwai bamba ta ƙarfe da tanki na biyu.

Abin da aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi shafar ƙofarka, shi ne tazara tsakanin ƙarfen da bodi. Na ce bodi na zaune a kan robobi. Idan tayar gaba ta hau dutse ta baya ta faɗa rami, shasi na murɗawa, bodi na motsi a kansa. Ƙarfen ma komai ƙarfinsa zai ɗan ba da kai sama idan mota ta zauna a kansa. Idan an manna shi da bodi don ya yi kyau a ido, kowace gargada zai riƙa ƙwanƙwasa ƙasan ƙofa, ya cinye fenti, tsatsa ta shiga. Ni nakan bar milimita 15 zuwa 20. Yadda nake yi, ina yanka 'yan katakai masu wannan kauri, in liƙa su da salatif a ƙasan bodi wuri uku, in ɗaga ƙarfen da jak biyu har ya taɓa katakan, sannan in auna ƙafafu. Siffar kowane faranti kuma da kwali nake fara fitar da ita: in manna kwalin a jikin shasi, in bi ramukan da babban yatsa mai datti har su fito a jikinsa, in yanka da almakashi. Shasi ba miƙaƙƙe ba ne, yana buɗewa yana tsukewa, shi ya sa da wuya ƙafafu biyu su zo tsawo ɗaya, kuma na hagu ba lallai su yi daidai da na dama ba saboda tanki da salansa. Kuma kada a haɗa ƙarfen da shasi da bodi a lokaci guda. Wanda ya yi haka ya kashe aikin robobin, duk girgizar hanya za ta shigo cikin mota, kuma wurin da aka ɗaure a bodi zai tsage.

Ka fara gyara ƙofar da dokinta kafin a yi awo. Idan aka auna a kan lotsattsen bodi, ranar da aka miƙe shi tazarar ta tafi.

Fayif ɗin waje kuma, ko a shimfiɗe shi ya zama matakala, ko a ɗaga bakinsa sama da digiri 15 zuwa 20. Na shimfiɗe ya fi daɗin takawa, musamman ga yara da tsofaffi ko mai ɗaure kaya a saman mota. Na ɗage ya fi ba da tazara kuma ya fi kare ƙofa daga dutsen da ke zuwa ta gefe. Tunda ka ce kwazazzabai kake shiga, na ɗage ya fi maka. Ya fito waje kamar yatsu uku ko huɗu daga jikin ƙofa, kada ya wuce layin tayoyi sosai, in ba haka ba zai riƙa kama kututture da bakin rami da da motar ta wuce su salin alin. Wasu na ƙara masa ɗan kumburi a baya, gab da tayar baya, don ya ture motar daga dutse kafin dutsen ya kai ga bodin baya. Yana da amfani a doguwar mota, sai dai turawar takan zo ba zato, don haka kada a yi shi da girma. Ƙasan ƙarfen gaba ɗaya ya zama sumul, ba kan noti, ba tudun walda, bakin gaba da na baya a tanƙwara su sama kamar gaban kwalekwale. A gaba, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama a ga taya ba ta kusa da shi, a tuna kuma taya na matsowa baya da sama idan ta bugi abu. Idan za a sa farantin takawa a sama, a huda shi, domin laka na taruwa a wurin ta riƙe ruwa.

Ranar aiki, kafin a kunna injin huda ko na walda, ka sa hannu da tocila ka bi bayan shasin. Bututun birki, bututun mai da wayoyi duk a jikin bangon ciki suke bi. Bakin injin huda idan ya ɓulla yana fita da ƙarfi, bututun birki kuma ba ya buƙatar fiye da taɓawa ɗaya; a zura wa bakin ɗan guntun fayif don ya tsaya da zarar ya ɓulla, a sa faranti a baya. A cire kan batir mara wuta, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki a kan ƙarfe da aka kankare, don kada wutar ta nemi hanya ta cikin kwamfutar mota ko boris. Kada faranti ya rufe lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfen. Shi kansa ƙarfen a ɗiga wa mahaɗansa walda yana jikin mota don ya riƙe siffa, a sauke shi, a cika waldar a kan tebur ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka cika gefe ɗaya a jere, zafi zai ja shi ya zama baka, ramuka su ƙi haɗuwa.

Idan motarka na da jakar iska ta gefe, akwai na'urorin jin bugu a ginshiƙin tsakiya ko cikin ƙofa, kuma an saita su ne da yadda bodi ke lotsewa a haɗari. Ƙarfe mai tauri a gefe na iya canza yadda bugun ke isa gare su. Manyan kamfanonin kayan mota irin su ARB na gwada nasu a kan wannan, wanda aka ƙera a gareji kuwa ba wanda ya gwada shi. A irin wannan mota na fi son a sayi wanda aka yi don samfurin, a ɗaure shi yadda takardarsa ta ce.

Fenti: kada ka kashe kuɗi a kan rufi mai tsada, domin fita ta farko dutse zai kankare ƙasansa. A wanke ƙarfen daga mai, a sa fentin hana tsatsa, a bi da baƙi na gama-gari wanda za ka iya shafawa da kanka duk lokacin da ya ƙuje. Bakin fayif ko dai a toshe shi ruf da walda, ko a bar ƙaramin rami a mafi ƙasan wuri don ruwa ya fita. Rabin toshewa shi ne ke sa ya ruɓe daga ciki. Ramukan da aka huda a shasi a shafa musu fenti kafin a zura noti, bayan farantin ma haka.

Kafin ka biya mai aikin, ku yi gwaji a gabansa. A ajiye mota a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin ɗaya gefen. A sa jak a ƙarƙashin ƙarfen, a tsakiya, a ɗaga har tayoyin wannan gefe su bar ƙasa ko su kusa. Idan da dogon jak irin Hi-Lift za a yi, an ƙayyade masa kilo 2,113, ya isa, amma bakinsa na zamewa a kan zagayayyen fayif, sai da abin riƙewa da aka yi don haka, kuma kada kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashi ko a saitin sandarsa. Motar na sama, ka leƙa daga gefe ka ga ko ƙarfen ya taɓa bodi, ka buɗe ƙofofi biyun ka rufe. A sauke, a maimaita a bakin gaba da na baya, nan ne rauni ke ɓuya. Bayan an sauke, ka mayar da katakon nan na awo cikin tazarar. Idan ya shiga kamar da, ƙarfen ya dawo inda yake. Idan ya ƙi shiga, wani abu ya ba da kai, ko ƙafa ko faranti ko bangon shasi, a nemo shi tun motar tana gareji.

Sannan ka ja layi da farin fenti daga kan kowane noti zuwa jikin faranti. Bayan fita ta farko a gargada, da kuma bayan kilomita ɗari biyar, ka durƙusa ka duba. Layin da ya rabu biyu, notinsa ya juya, a sake ɗaure shi da sifana mai awo, a duba ramin ko ya fara faɗi.